Juyin mulki ko juyin juya hali? Sharhi kan rikicin shugabanci a ƙasashen da suka fita daga mulkin mallaka

Daga watan Agustan 2020 zuwa Agustan 2023, sojoji sun kifar da gwamnati sau biyu a Mali, sau biyu a Burkina Faso, sai kuma Gini da Sudan da Nijar da Gabon. A Chadi ma, da Idris Deby ya mutu a fagen daga cikin Afrilun 2021, hafsoshi ne suka ajiye kundin tsarin mulki a gefe suka naɗa ɗansa Mahamat. Ranar 29 ga Janairun 2025 Mali da Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS suka rungumi AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel da suka kafa, kuma zuwa tsakiyar 2025 kowace cikin ukun ta ba shugabanta na soja shekara biyar a kan kujera ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba.

Abin ya raba kan jama'a. Wasu na cewa sai yanzu ne Afirka ta fara samun 'yancin kai na gaskiya. Wasu kuma na cewa sun taɓa ganin irin wannan a shekarun 1960 da 1970, kuma sun san inda ya ƙare. Muhawarar takan tsaya a kan "soja ko farar hula", alhali tambayar da tarihi ya fi amsawa wata ce daban: idan an sauya mai riƙe da gwamnati, ita gwamnatin ta sauya? Kuma idan sabon shugaban ya gaza, ta wace hanya za a sauke shi?

## Abubuwan da ake cakuɗawa

Juyin mulki shi ne wasu 'yan tsiraru daga cikin gwamnati, galibi sojoji, su ƙwace iko da ƙarfi. Aikin sa'o'i ne. A kama shugaban ƙasa, a tare filin jirgin sama, a rufe iyakoki, wani hafsa ya bayyana a talabijin ya karanta sanarwar dakatar da kundin tsarin mulki. Washegari ma'aikatu su buɗe da mutanen da ke cikinsu jiya. Masu bincike biyu, Jonathan Powell da Clayton Thyne, sun ƙirga yunƙurin juyin mulki fiye da 200 a Afirka tun daga 1950, kusan rabi kuma sun yi nasara.

Boren jama'a daga ƙasa yake tasowa. Ɗalibai da 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa su cika tituna har shugaba ya rasa mai yi masa biyayya, kamar yadda aka yi wa Ben Ali a Tunisiya a 2011 da Blaise Compaore a Burkina Faso a 2014.

Juyin juya hali ya fi waɗannan biyun zurfi, ya kuma fi su wuyar samuwa. Ana kiran abu da wannan suna ne idan tsarin mallakar ƙasa da dukiya, da ajin mutanen da ke mulki, da dokokin da ake bi duk sun juye, kamar a Sin a 1949, ko Kyuba a 1959, ko Iran a 1979. Yana iya farawa da juyin mulki ko da bore, amma mafi yawan juyin mulki ba sa kaiwa can, ko da kuwa masu yin sa sun laƙaba masa sunan.

Akwai na huɗu da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato tazarce: shugaban da aka zaɓa ya sauya kundin tsarin mulki don ya zarce. Ba a harba bindiga, amma sakamakon ɗaya ne, an toshe hanyar sauya shugaba ta lalama.

## Gwamnatin da Bature ya bari

Turawan mulkin mallaka ba su kafa gwamnati don ta yi wa mutanen ƙasa hidima ba. Aikinta shi ne ta tara haraji, ta fitar da kaya zuwa bakin teku, ta murƙushe duk wanda ya ɗaga kai. Hanyoyin jirgin ƙasa ma shaida ne: daga mahaƙar ma'adinai ko yankin noman kayan sayarwa suke tashi, su ƙare a tashar jiragen ruwa. Layin dogon da Faransa ta shimfiɗa daga Brazzaville zuwa gaɓar teku tsakanin 1921 da 1934 ya ci rayukan 'yan aikin tilas aƙalla 17,000. Sai a 1946 Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mallaka. Gwamna shi ne mai yin doka, shi ne mai zartar da ita, kuma ba talakan da ke da ikon tambayarsa. Zaɓe da majalisa da jam'iyyu duk a shekarun ƙarshe aka shigo da su, ana gab da tafiya.

Wannan gwamnatin ce shugabannin farko suka karɓa. An sauya tuta da take, amma dokokin tsare mutum ba shari'a, da 'yan sandan da aka horar don tarwatsa taro, da ɗabi'ar cewa babban birni ne ke ba da umarni sauran ƙasa ta bi, duk suna nan.

Babu inda rashin shiri ya fito fili kamar Kwango. Ranar da Beljiyam ta miƙa mulki, 30 ga Yunin 1960, 'yan ƙasar da suka gama jami'a ba su kai talatin ba, kuma babu baƙar fata ko ɗaya mai muƙamin hafsa a rundunar soja. Kwana biyar bayan bikin, kwamandan rundunar, Janar Emile Janssens, ya tara ƙananan sojoji ya ɗauki alli ya rubuta musu a allo cewa kafin 'yanci da bayan 'yanci duk ɗaya ne. A daren nan bore ya tashi a bariki. Kafin mako guda ya cika lardin Katanga mai arzikin tagulla ya ɓalle, cikin wata bakwai kuma an kashe Firayim Minista Patrice Lumumba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda aka gina rundunonin ma ya bar baya da ƙura. Turawa sun saba ɗibar soja daga wasu ƙabilu da suka ce su ne mayaƙa, su ɗebi akawu da malamai daga wasu. A Uganda soja daga arewa aka fi ɗauka, ilimin boko da kasuwanci kuma suna kudu; Idi Amin a rundunar Birtaniya ya tashi. A Ruwanda, Beljiyam ce ta sa aka riƙa rubuta ƙabilar mutum a katin shaida tun shekarun 1930. A Najeriya, juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda aka kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Samuel Akintola a cikinsa, da ramuwar gayyar da ta biyo baya a watan Yuli, ta fuskar yanki da ƙabila aka karanta su, har suka kai ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Sai tattalin arziki. Yawancin ƙasashen da kaya ɗaya ko biyu suka dogara, kuma ba su ke yanka farashinsa ba. Da farashin koko ya faɗi a 1965, gwamnatin Kwame Nkrumah ta shiga matsi, aka kifar da ita a Fabrairun 1966 yana kan hanyar zuwa Hanoi. Faɗuwar farashin tagulla a tsakiyar shekarun 1970 ta durƙusar da Zambiya. Akwai wani abu a nan da ba a cika lura da shi ba. Gwamnatin da kuɗinta daga kamfanin ma'adinai ko rijiyar mai ko tallafin waje yake zuwa ba ta da buƙatar lallashin talaka, tunda ba daga aljihunsa take ci ba. Kuma tunda duk arzikin ƙasa ta baitulmali yake bi, wanda ya rasa mulki ya rasa komai. Shi ya sa zaɓe a irin waɗannan ƙasashe yake zama a mutu ko a yi rai.

## Jam'iyya ɗaya, sannan bariki

Shugabannin farko sun zo da farin jini, da yawansu daga kurkukun Turawa suka fito. Hujjarsu ta haramta adawa ba ta da wuyar fahimta: ƙasa sabuwa ce, ƙabilu da yawa, jam'iyyu za su raba kan mutane. Nkrumah ya yi dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, ya mai da Ghana ƙasar jam'iyya ɗaya a 1964 bayan ƙuri'ar raba gardama da aka ce fiye da kashi 99 cikin 100 sun amince. Seku Ture na Gini, wanda ya ce wa Janar de Gaulle a'a a 1958 har Faransa ta kwashe ma'aikatanta da kayanta cikin fushi, shi ne kuma ya cika sansanin Boiro da 'yan adawa.

Idan aka rufe majalisa da jarida da kotu, ƙungiya ɗaya ce ta rage mai tsari da makami. A Togo, tsofaffin sojojin da Faransa ta sallama bayan yaƙin Aljeriya sun nemi a ɗauke su a rundunar ƙasa, Shugaba Sylvanus Olympio ya ƙi saboda ba kuɗi. Ranar 13 ga Janairun 1963 aka tsinci gawarsa a ƙofar ofishin jakadancin Amurka. Ba aƙida ce ta kawo wannan ba, rikicin neman aiki ne. Ɗaya daga cikin sojojin, Gnassingbe Eyadema, ya hau mulki a 1967 ya zauna har mutuwarsa a 2005, ɗansa ya gaje shi. A Nijar, fari da zargin karkatar da kayan agaji ne suka share wa Saini Kunce hanyar kifar da Jori Hamani a Afrilun 1974.

## Hannun waje

Zargin cewa manyan ƙasashe na da hannu a waɗannan rikice-rikice ba shaci-faɗi ba ne. Hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta amsa a 2013 cewa da ita aka kifar da Muhammad Musaddiq na Iran a 1953, bayan ya ƙwace man ƙasarsa daga hannun kamfanin Birtaniya. Kwamitin majalisar dattawan Amurka ya gano a 1975 cewa hukumar ta shirya sa wa Lumumba guba, majalisar Beljiyam kuma ta amince a 2001 cewa akwai alhakin kisansa a wuyan gwamnatinta. Sojojin Faransa ne suka mayar da Leon Mba kan kujera a Gabon a 1964, su ne kuma suka cire Bokassa a Afirka ta Tsakiya a 1979. Tarayyar Sobiyet ta ɗaure wa Mengistu gindi a Habasha kamar yadda Amurka ta ɗaure wa Mobutu, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana mulkin Kwango. A zamanin yaƙin cacar baka, shugaba na iya yin yadda ya ga dama da mutanensa muddin yana gefen da ya dace.

Bayan nan sai bashi ya karɓi aikin. Tsarin tsuke bakin aljihu da Asusun IMF da Bankin Duniya suka gindaya a shekarun 1980 ya rage ma'aikata da tallafi da kuɗin makarantu da asibitoci. A Janairun 1994 aka zabge rabin darajar kuɗin sefa a dare ɗaya. Gwamnatin da dama can ba ta isa ƙauye ba sai ta ƙara janyewa.

Duk da haka, hannun waje bai isa ya bayyana komai ba. Ba wani Bature da ya tilasta wa Mobutu gina fada a Gbadolite, ko ya sa Tanja Mamadu ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki a 2009 don tazarce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

## Waɗanda suka taɓa tushen abin

Kaɗan ne daga cikin sojojin da suka ce juyin juya hali suka zo yi suka sauya wani abu mai ɗorewa. Hafsoshin da suka kori Sarki Faruƙ a Masar a 1952 sun ƙayyade yawan gonar da mutum ɗaya zai mallaka, suka raba rarar ga manoma, Jamal Abdul Nasir kuma ya ƙwace mashigin Suwez a 1956. Ajin masu mulki ya sauya da gaske. Amma wanda ya maye gurbinsa shi ne bariki, kuma in ban da shekara guda ta Muhammad Mursi da gajerun riƙon ƙwarya, duk shugabannin Masar tun daga lokacin sojoji ne.

A Habasha, majalisar soja ta Derg ta tuɓe Sarki Haile Selassie a Satumban 1974, ta mai da duk ƙasar noma mallakar gwamnati a Maris na 1975, abin da ya 'yantar da miliyoyin manoma daga biyan gallar masu filaye. Har yau ƙasa ta gwamnati ce a can. Ita dai wannan majalisa ce ta harbe manyan jami'ai sittin a dare ɗaya, ta kashe dubban matasa da sunan kare juyin juya hali, ta kuma tafiyar da yaƙi a cikin yunwar 1984 da 1985.

Thomas Sankara shi ne wanda matasan yau suka fi ambato, kuma da dalili. Cikin shekara huɗu, daga 1983 zuwa 1987, ya sauya wa ƙasar suna daga Upper Volta zuwa Burkina Faso, ya sayar da marsandin ministoci ya sa su a ƙaramar Renault 5, aka yi wa yara kimanin miliyan biyu rigakafi cikin 'yan makonni a 1984, ya kuma tsaya a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1987 ya nemi a haɗa kai a ƙi biyan bashi. Ba a taɓa kama shi da tara dukiya ba. Ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika yaɗawa a Facebook ba, shi ne korar malaman makaranta fiye da dubu da suka yi yajin aiki a 1984, da kotunan jama'a da ba a ba wanda ake tuhuma lauya, da cin zalin da wasu kwamitocin unguwa suka riƙa yi. Da aka harbe shi ranar 15 ga Oktoban 1987, babu jam'iyya ko majalisa ko kotun da za ta kare abin da ya fara. Amininsa Compaore ya warware mafi yawansa, ya yi shekara 27.

Sudan ta fi kowa sanin iyakar boren jama'a. Sau uku mutanen Khartum suna kayar da soja ba tare da makami ba: Ibrahim Abbud a 1964, Ja'afar Numeiri a 1985, Umar al-Bashir a 2019. Sau uku kuma soja na dawowa, a 1969 da 1989 da 2021. Kowane karo an cire shugaba, an bar rundunar da kamfanoninta da asusunta yadda suke. Tun 15 ga Afrilun 2023 janar biyu da suka haɗa kai suka kori farar hula suke yaƙar juna, mutum fiye da miliyan goma sun bar gidajensu.

## Me ya dawo da kaki a Sahel

Bayan 1990 juyin mulki ya ragu. Yaƙin cacar baka ya ƙare, an dawo da jam'iyyu, ƙungiyar haɗin kan Afirka ta yanke a Lome a 2000 cewa za a dakatar da duk gwamnatin da ta zo ta bakin bindiga, ECOWAS ta bi sahu a 2001.

Rushewar Libiya a 2011 ce ta buɗe sabon babi. Makamai da mayaƙa suka kwararo kudu, arewacin Mali ya faɗi a 2012, Faransa ta shigo da soja a Janairun 2013. Shekara tara ana yaƙi, hare-hare sai ƙaruwa suke, suka bazu zuwa tsakiyar Mali da Burkina Faso da yammacin Nijar. A Nuwamban 2021 aka kashe jandarmomi kusan hamsin a Inata da ke arewacin Burkina Faso, sai ga shi ta bayyana cewa sun yi makonni ba a kai musu abinci ba. Wata biyu bayan haka aka kifar da Shugaba Roch Kabore. A Mali, kotun tsarin mulki ta sauya sakamakon kujeru kusan talatin na majalisa a 2020, jama'a suka yi watanni a titi kafin soja su ƙarasa aikin. A Gini, Alpha Conde ya yi tazarce zuwa wa'adi na uku. A Gabon, iyalin Bongo ne suka riƙe mulki tun 1967 har juyin 2023.

ECOWAS da Tarayyar Afirka sun zubar da ƙimarsu a idon mutane da yawa saboda sun yi gum a kan tazarcen Conde da na Alassane Ouattara na Côte d'Ivoire a 2020, kuma ba a dakatar da Chadi ba, har shugaban Faransa ya je jana'izar Deby ya zauna kusa da magajinsa.

Abin lura shi ne su wa suka yi juyin. Mamadi Dumbuya kwamandan runduna ta musamman ne da Conde ya kafa. Abdurrahman Tchiani shi ne shugaban dogaran fadar Yamai tun 2011. Brice Oligui Nguema shi ke jagorantar masu tsaron Ali Bongo. Shugaban da bai yarda da rundunar ƙasarsa ba yakan gina wata ƙarama ya fifita ta da makamai da albashi, ita kuma ta fi kowa kusa da ƙofar ɗakinsa.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan gwamnatocin soja suna cewa dimokuraɗiyyar da aka kifar ta takarda ce: zaɓe na maguɗi, 'yan siyasa na wawure dukiya, ƙauyuka na ƙonewa. Suna nuna abin da aka yi cikin ɗan lokaci. Sojojin Faransa sun bar Mali a 2022, sun bar Burkina Faso da Nijar a 2023, na Amurka sun bar Agadez a 2024. Sojojin Mali sun shiga Kidal a Nuwamban 2023 bayan kusan shekara goma. Mali ta yi sabuwar dokar ma'adinai a 2023 da ta ƙara kason gwamnati a zinariya, Nijar ta ƙwace mahaƙar uraniyom ta Somair daga kamfanin Orano a 2025. Suna kuma kafa hujja da Koriya ta Kudu, inda Janar Park Chung-hee da ya yi juyin mulki a 1961 ya aza harsashin masana'antu, da Jerry Rawlings, sojan da ya yi juyin mulki, wanda ya bar Ghana da tsarin da ake bi har yau.

Masu adawa suna cewa a auna sojojin da alƙawarin da suka yi da bakinsu, wato tsaro. Rahoton ta'addanci na duniya ya sa Burkina Faso a matsayi na ɗaya a 2023, ya kuma ce fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a duniya a 2024 a yankin Sahel suke. An kai hari har Bamako a Satumban 2024. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce aƙalla mutum 500 aka kashe a garin Mura a Maris na 2022, a wani samame na sojojin Mali da baƙin mayaƙa. Gwamnatin Mali ta musanta, ta ce 'yan ta'adda ta kashe. Suna tambaya ko sauya Faransa da Rasha 'yanci ne, kuma suna tunatarwa cewa har yanzu ƙasashen uku da sefa suke ciniki. Game da Park da Rawlings, amsarsu ita ce a kan kowane ɗaya irinsu akwai Amin da Bokassa da Samuel Doe da Ne Win na Bama, kuma ranar da aka karanta sanarwa a talabijin ba mai iya sanin wanne aka samu.

Kowane ɓangare na da wurin da yake kawar da kai. Na farko ba ya son a yi maganar 'yan jaridar da aka tsare da jam'iyyun da aka rusa. Na biyu ba ya son a tambaye shi me ya sa mutane suka fito murna.

## Waɗanda suka tsallake

Indiya da Pakistan daga runduna ɗaya ta Birtaniya suka gaji sojojinsu a 1947. Pakistan ta sami kaso babba na sojan da ƙaramin kaso na kuɗin shiga, Muhammad Ali Jinnah ya rasu a 1948, aka kashe Liaqat Ali Khan a 1951, Janar Ayub Khan ya karɓi mulki a 1958. Har yau babu firayim ministanta da ya cika shekara biyar a jere. Indiya kuwa tana da tsohuwar jam'iyya mai rassa har ƙauye, ta fitar da babban kwamanda daga majalisar ministoci tun farko, kuma da Indira Gandhi ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a 1975, akwatin zaɓe ne ya kayar da ita a 1977.

Botswana na cikin matalautan ƙasashen duniya a 1966. Seretse Khama ya sa aka mai da haƙƙin ma'adinai hannun gwamnatin ƙasa, har da na yankin ƙabilarsa inda aka gano lu'ulu'u, kuma ƙasar ba ta kafa rundunar soja ba sai 1977. Da jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe a Oktoban 2024 bayan shekara 58, shugaban da ke kai ya miƙa mulki cikin kwanaki. A Senegal, inda soja bai taɓa yin mulki ba, Macky Sall ya ɗage zaɓen 2024, kotun tsarin mulki ta ce bai isa ba, ya bi. Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓe ya lashe, da alƙawuran sake duba kwangilolin mai da sansanonin Faransa, kusan irin waɗanda ake ji daga Bamako da Wagadugu.

## Abin da ke sauka a kan talaka

Na farko takunkumi. Da ECOWAS ta rufe iyakoki da Nijar a ƙarshen Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da ke ba ƙasar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, manyan motoci ɗauke da magani da kayan masarufi suka yi jerin gwano a iyakar Benin, gwamnati ta zabge kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗinta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da an saki hamɓararren Shugaba Bazum ba, kuma ba hafsoshi ne suka ji jiki ba.

Ficewa daga ECOWAS na da nata lissafin. Ƙasashen uku babu mai teku, kayansu ta Kwatano da Lome da Abijan da Dakar suke shigowa, kuma miliyoyin 'yan ƙasarsu na zaune a maƙwabta. ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga ba biza har sai an ga yadda tattaunawa ta kaya, AES kuma ta sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen. Makomar ɗan kasuwa da makiyayi da ɗan ci-rani tana rataye ne da yarjejeniyar da ba a kammala ba.

Kasafin kuɗi ma yakan karkata zuwa makamai, a daidai lokacin da tallafin waje da ke riƙe da asibitoci da makarantu ya ragu. A ɗaya hannun, idan sabbin dokokin ma'adinai suka kawo ƙarin kuɗi, amfaninsu ga talaka ya danganta ne da ko akwai mai ikon bincikar inda kuɗin ya shiga. Majalisun da ke akwai naɗaɗɗu ne. An rusa jam'iyyu a Nijar a Maris na 2025, a Mali a watan Mayu. A Burkina Faso, inda mutum fiye da miliyan biyu suka rasa matsuguni, an yi amfani da dokar gangamin yaƙi ta 2023 wajen tura 'yan jarida da alƙalai da masu suka bakin daga.

Saura batun wa'adi. Akwai sojojin da suka cika alƙawari: Obasanjo a 1979, Amadu Tumani Ture a Mali a 1992, Abdulsalami Abubakar a 1999, Salu Jibo a Nijar a 2011, dukkansu ba su tsaya takara a zaɓen da suka shirya ba. Na yanzu wata hanya suka ɗauka. Wa'adin Ibrahim Traore na Burkina Faso zai kai 2029 kuma an ba shi damar tsayawa takara, na Tchiani na Nijar da Assimi Goita na Mali zai kai 2030 kuma ana iya tsawaita shi. Mahamat Deby ya tsaya zaɓe ya ci a Mayun 2024, Oligui Nguema ya ci nasa a Afrilun 2025 da fiye da kashi 90 cikin 100. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2007 ta haramta wa wanda ya yi juyin mulki tsayawa a zaɓen da zai dawo da farar hula, amma kafin watan Afrilun ya ƙare tarayyar ta janye dakatarwar da ta yi wa Gabon.